Waiwaye: daga Ikebe Super zuwa Lagos Comic Con

Duk sanda aka ce komik, wato labarin da ake bayarwa da zane-zane a jere, a Najeriya, abin da ke faɗo wa yaran yanzu a rai shi ne hotunan Lagos Comic Con, taron masu zane da masoya komik da ake yi a Legas, matasa sun ci ado da kayan Spider-Man da na jaruman anime, wato katun ɗin Japan, ana ta ɗauke-ɗauken hoto, sai ka rantse shekaranjiya aka fara harkar. Alhali kuwa abin nan ya girmi iyayen wasunsu, kuma in ka bi shi daki-daki za ka ga masu zane ba su taɓa yi wa ƙasar nan ƙaranci ba, abin da ke ta mutuwa yana tashi shi ne hanyar da zanen zai bi ya isa hannun mai karatu, da kuma wanda zai biya kuɗin takarda.

A jarida aka faro. Tun zamanin Turawa Akinola Lasekan yake zanen barkwanci a West African Pilot, jaridar Nnamdi Azikiwe da aka kafa a 1937, yana sa hannu da sunan Lash yana yi wa 'yan mulkin mallaka shaguɓe. Wannan layin bai yanke ba, an yi Josy Ajiboye a Daily Times, ga Mike Asukwo, ga kuma Mustapha Bulama na Daily Trust wanda zanensa ɗaya kan zaga WhatsApp fiye da sharhin shafi guda. Amma wannan na siyasa ne, a kalla a yi dariya mai ciwo a wuce. Labari mai tsawo da ake jiran fitowarsa mako-mako shi ne zancenmu.

Wanda ya fara kama mutane sosai ma ba zane ba ne, hotuna ne. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Drum ya riƙa fitar da mujallar African Film, ana ɗaukar 'yan wasa hoto a jera sannan a manna musu magana a saman kai, jarumin shi ne Lance Spearman, ɗan gayu da kwat da sigari a baki, kullum yana artabu da mugun nan Rabon Zollo. A Afirka ta Kudu ake shirya mujallar amma har Najeriya da Kenya ana rububinta, tambayi dattijon da ya yi makaranta a lokacin ka ga yadda fuskarsa za ta washe. A farkon shekarun 1970 ta tsaya.

Sai 1975 aka fito da Powerman, baƙin jarumi mai tashi sama da aka yi musamman don kasuwar Najeriya. Abin dariyar shi ne a Ingila ake zana shi, kuma masu zanen su ne Dave Gibbons da Brian Bolland tun ba su yi suna ba, mutanen da daga baya duniyar komik ta riƙa cire musu hula. Har lamba aka sa su riƙa sa wa kowane gidan hoto, 1, 2, 3, wai kada mai karatu ya rikice ya rasa inda zai bi, ka ji raini.

Na gida tsantsa da ya yi ƙarfi shi ne na Wale Adenuga. A 1976 ya fara Ikebe Super, barkwanci ne na titi, da Turancin buroka da wasa mai ɗan yaji da ba kowane uba ne zai so ya gani a jakar ɗansa ba, daga nan Papa Ajasco mai sanƙo ya fito, daga baya ya ƙara da Super Story da Binta ta yara. Me ya sa nasa ya ci? Don mai sayar da jarida a tasha da bakin hanya shi ke kai masa kaya har hannun fasinja, kuɗin kuma bai fi ƙarfin ɗan makaranta ba.

To nan ne tattalin arziki ya yi aikinsa. Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 Naira ta faɗi, takarda da tawada kuma daga waje ake shigo da mafi yawansu, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin suka yi ta tangal-tangal har suka durƙushe, mujalla mai launi ta koma kayan masu hali. Shi kansa Adenuga talabijin ya koma, shi ya sa yawancin mu a akwatin kallo muka san Papa Ajasco da Super Story, ba mu ma san daga takarda suka taso ba. A shekarun 2000 abin da ya rage a hannun yara shi ne wanda kamfani ya ɗauki nauyi don talla, irin su Supa Strikas na 'yan ƙwallo da ya taso daga Afirka ta Kudu, da jaruman Indomie. Ma'ana in ba mai talla, ba komik.

Intanet ce ta cire takarda daga lissafin. A 2012 Ayodele Elegba ya shirya Lagos Comic Con na farko, a 2013 Jide Martin ya kafa Comic Republic suka riƙa sakin Guardian Prime da sauran jarumansu kyauta a karanta a waya, kuɗin kuma su nemo shi ta yi wa kamfanoni aikin zane. Ni a ganina taron na Comic Con ya fi kowane littafi muhimmanci, don a nan ne mai zane da ke zaune shi kaɗai a ɗaki yana fama da rashin wuta ya fara ganin masu karatunsa ido da ido, ya kafa tebur ya sayar da 'yan kwafinsa, ya haɗu da marubuci da mai sa launi da mai haɗa katun. Gasar shigar jarumai da wasannin gem da musun da ba ya ƙarewa tsakanin masoya Marvel da DC, manyan kamfanonin komik na Amurka, su ke jawo jama'a, kuma gaskiya da yawa don anime suke zuwa ba don komik ɗin gida ba, amma dai sai sun ratsa ta gaban teburan.

Bayan fim ɗin Black Panther ya fito a 2018 manyan kamfanonin Amurka suka fara leƙowa. Dark Horse ta ƙulla yarjejeniya da YouNeek Studios na Roye Okupe a 2021, kamfanin Kugali suka yi katun ɗin Iwájú da Disney ya fita a 2024, Iyanu na Okupe ya zama katun a Cartoon Network a 2025. Abin alfahari ne, sai dai ka lura kuɗin daga waje yake zuwa, littafin ma sau da yawa ya fi sauƙin samu a can fiye da nan.

Arewa fa? Mu labari ba ya yi mana wuya, tun shekarun 1980 littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, yau kuma marubuta mata suna sayar da nobel a WhatsApp a tura kuɗi ta banki a sa ka a guruf, wato matsalar kuɗin takardar da ta kashe Ikebe Super su tuni sun warware ta. Amma shafin komik ɗaya kan ci wa mai zane yini guda ko fiye, ga ɗari-ɗarin da gidaje da yawa ke yi da zanen mai rai, ga Kannywood da ta kwashe masu son ganin labari da ido tun 1990. Sai ya zama labaran namu wasu ke zana su. Malika ta Roye Okupe, sarauniya mai yaƙi, daga tarihin Sarauniya Amina aka tsamo ta, da Turanci aka rubuta, ƙasar da take mulki kuma sunanta Azzaz, duk Bazazzagin da ya juya kalmar a bakinsa ya san inda aka nufa.