Garma Ba a Gona Take Mutuwa Ba

Assalamu alaikum, 'yan uwa manoma. Duk shekara in kaka ta wuce nakan zaga ƙauyuka, kuma abin da ke ɓata min rai ɗaya ne: garmar shanu a yashe bayan danga, ƙasar huɗar ƙarshe na manne a bakinta, awaki na tsallake ta. Haka za ta kwana wata bakwai, raɓa ta jiƙa ta, rana ta gasa ta. Ruwan farko na sauka, sai mai ita ya ce ai ƙarfen yanzu ba shi da kirki.

Garmar shanu ta shigo ƙasar Hausa tun zamanin Turawa, kuma har yau akwai gidajen da ke huɗa da wadda kaka ya bar wa uba, uba ya bar wa ɗa. Don haka aka ƙera ta. Jikinta ba na shekara biyar ba ne, na rayuwa ne. Abin da aka yi don ya cinye shi ne bakin, shi ya sa aka ɗaure shi da noti, a kwance a sa sabo. Nan ne yawancinmu ke kuskure. Mutum zai ga baki ya dakushe, ya ce bari a lallaɓa a gama bana. To in baki ya ƙare, ƙasa jikin garmar take ci, inda notin yake. Kuɗin baki ɗaya ka ƙi kashewa, ka jawo wa kanka sayen garma sukutum. Ga shanu suna wahalar ja, kunya ba ta tashi yadda ya kamata.

Ranar da ka gama huɗa, kankare ƙasar, ka wanke, ka bari ta bushe sarai. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ita ke kiran tsatsa. Shafe baki da fuka-fukan, wato ƙarafan gefe masu tayar da kunya, da baƙin mai, ka ɗiga kaɗan a kan kowane noti don kada ya ciza, ka sa giris a tsakiyar tayar. Amma don Allah a nisanta baƙin mai daga yara da bakin rijiya, guba ne. Sai ka shigar da ita rumfa, ka ɗora kan dutse ko katako, kada ta taɓa ƙasa.

Fartanya da lauje da gatari a rataye su, domin gara ba ta barin ƙotar da ke kwance. Karkiya ma haka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Yuni maƙeri ba shi da lokacin kowa, mai walda ma layi ne. Kai musu aikinka tun Fabrairu ko Maris, lokacin da maƙeri zai zauna ya koɗa maka fartanya a natse, kai kuma kana da sauran kuɗin amfanin gona a hannu.