Tsoron Cuta Mai Wuce Kima

Tsoron cuta mai wuce kima larura ce ta ƙwaƙwalwa, inda mutum ke kwana ya tashi da fargabar yana ɗauke da mugun ciwo, kamar ciwon daji ko na zuciya, alhali alamun da ke jikinsa ƙanana ne ko babu su sam. Ba raki ba ne. Wahalarsa ta gaske ce. Littafin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, wanda ya fito a 2013, ya sa sharaɗin cewa fargabar ta kai wata 6 kafin a kira ta da wannan suna.

Likita kan fara da awon hawan jini, suga, ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da maƙoƙo mai sa zuciya gudu. Yakan tambayi yawan shayi mai kauri, goro da taramol, domin su ma suna kawo faɗuwar gaba. Amma sakamako mai kyau kaɗai bai isa shaidar cewa wannan larura ce ba, sai an dubi ɗabi'ar mutumin. Wani yana yawan taɓa jijiyar hannunsa, yana matsa kaluluwar wuya har ta yi tsami, yana binciken alamu a intanet, ya bar asibitin unguwa zuwa babban asibitin Maraɗi, daga nan ya ƙetara Katsina da takardun awo cike da leda. Wani kuwa ko ƙofar asibiti ba ya so ya gani, don gudun abin da za a faɗa masa.

Tsoron da kansa ke haifar da alamun. Yana sa zuciya bugawa da sauri, numfashi ya yi gaggawa, sai jiri da mutuwar yatsu su biyo baya, mutum ya ɗauka ciwon ne ya tabbata. Awo kan kwantar da hankali na ƴan kwanaki, sannan shakku ya dawo. Maimaita awon kuma na da haɗari: gwajin Widal kan nuna taifot ga wanda ba shi da ita, a yi ta shan magani a banza.

Abin da ya fi amfani shi ne a tsaya ga likita guda, da ranakun ganawa tsayayyu, tare da jinyar tattaunawa mai gyara tunani da rage duba jiki sannu a hankali. Wani lokaci ana ƙara magani irin fluoxetine, wanda ke ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa. Sabuwar alama kamar rama, tarin jini ko ƙari mai girma, tilas a sake duba ta.