Dokar "jihadin soyayya" a Uttar Pradesh: abin da ta tanada da wanda take kamawa

A ƙarshen watan Nuwamba na 2020 gwamnatin jihar Uttar Pradesh da ke arewacin Indiya ta fito da dokar wucin gadi ta hana sauya addini ba bisa ƙa'ida ba, majalisar jihar kuma ta mai da ita cikakkiyar doka a 2021. Ita ce jihar da ta fi kowacce yawan jama'a a ƙasar, kimanin mutum miliyan 200 a ƙidayar 2011, kuma kusan kashi 19 cikin ɗari Musulmi ne. A bakin jama'a sunanta dokar "jihadin soyayya", ko da yake a cikin rubutunta ba a ambaci wannan suna ba, ba a kuma ambaci Musulmi ba.

Zargin da ya haifi dokar ya fara ƙarfi ne wajen 2009 a jihohin Kerala da Karnataka. Ƙungiyoyin masu tsattsauran kishin Hindu irin su Vishwa Hindu Parishad da Bajrang Dal suna cewa samarin Musulmi suna da wani shiri na ɓoye: su yaudari 'yan matan Hindu da soyayya, su aure su, su musuluntar da su, har a wayi gari Hindu sun zama tsiraru a ƙasarsu. A ƙidayar 2011 Hindu su ne kusan kashi 80 cikin ɗari na jama'ar Indiya, Musulmi kashi 14. A watan Fabrairu na 2020 ƙaramin ministan harkokin cikin gida, Kishan Reddy, ɗan jam'iyyar BJP mai mulki, ya shaida wa majalisar dokokin ƙasar cewa babu ma'anar "jihadin soyayya" a dokokin ƙasar, kuma hukumomin bincike na tarayya ba su kawo rahoton ko guda ba. Rundunar 'yan sanda ta musamman da ta binciki shari'o'i 14 a birnin Kanpur na Uttar Pradesh a wannan shekarar ta ce ba ta ga hujjar haɗin baki ko kuɗin waje ba. A ƙarshen Oktoba na shekarar kuwa babban ministan jihar, Yogi Adityanath, ya tsaya a taron siyasa a Jaunpur ya gargaɗi masu "wasa da mutuncin 'yan'uwa mata" da kalmomin da Hindu ke rerawa in sun ɗauko gawa za su kai maƙona. Wata guda bayan nan doka ta fito.

Kafin a shiga sassanta, sai a fahimci dalilin da ya sa aure da sauya addini suke tafiya tare a Indiya. Kowace al'umma tana da dokar aurenta. Dokar auren Hindu ta 1955 ba ta ɗaura aure tsakanin Hindu da Musulmi. A fiƙihu kuma, kamar yadda muka sani, mace Hindu ba ta cikin Ahlul Kitabi, don haka malami ba zai ɗaura ba sai ta musulunta. Hanyar da ta rage ita ce auren rajista a ƙarƙashin dokar aure ta musamman ta 1954, wadda ba ta neman kowa ya bar addininsa. Amma ita wannan sai an ba da sanarwar kwana 30, a liƙa sunaye da bayanan masu neman auren a allon ofis inda kowa zai karanta. Yarinyar da ta gudo daga gida tana tsoron yayyenta ba ta da kwana 30. Shi ya sa da yawa suke zaɓar ɗaya ya sauya addini a ɗaura a rana ɗaya. Wannan ƙofar ce dokar Uttar Pradesh ta zo ta toshe.

Dokar ta haramta sauya wa wani addini ta hanyar ƙarya, tilas, matsin lamba, yaudara ko kwaɗaitarwa, ta kuma saka aure a cikin hanyoyin da ake tuhuma. Kwaɗaitarwa an faɗaɗa ta ƙwarai: kyauta, kuɗi, aiki, karatu kyauta a makarantar wata ƙungiyar addini, alkawarin rayuwa mai kyau, har da tsoratarwa da fushin Ubangiji. Wane mai wa'azi ne a duniya, na kowane addini, bai taɓa ambaton fushin Ubangiji ba? Mutum biyu kacal in suka sauya tare, doka ta kira shi sauya addinin jama'a, hukuncinsa ya fi tsanani. Kotu kuma tana iya rushe auren da ta ga an yi shi don sauya addini kawai.

Wanda ya yi niyyar sauya addini da kansa, ba tilas ba yaudara, shi ma bai tsira ba. Sai ya kai takarda ga majistaren gunduma, wato babban jami'in mulki na yankin, kwana 60 kafin ranar. Malami ko limamin cocin da zai karɓe shi sai ya ba da tasa sanarwar wata guda kafin nan. Majistare zai sa 'yan sanda su binciki "ainihin niyyar" mutumin. Bayan ya sauya sai ya sake kai wata takardar cikin kwana 60, a liƙa ta a allon sanarwa, sannan ya bayyana da kansa cikin kwana 21 ya tabbatar. In bai bi wannan ba, sauyin nasa ba ya aiki a idon doka, kuma ɗauri na iya hawa kansa. Ka duba fa: abin da ke tsakanin bawa da Mahaliccinsa ne aka ce ɗan sanda ya je ya auno gaskiyarsa.

Akwai togaciya guda. Wanda ya koma addininsa na baya ba a lissafa shi cikin masu sauyawa. Ƙungiyoyin Hindu sun daɗe suna gangamin da suke kira "komawa gida", masu sukar dokar kuma suna ganin su aka buɗe wa wannan tagar.

Sassa biyu ne suka fi damuna. Na farko shi ne wanda ke da ikon kai ƙara. Ba sai matar ta ce an cuce ta ba. Uba, uwa, wa, ƙane, ko duk wani dangi na jini ko na aure yana iya zuwa caji ofis, a kama miji ba tare da sammacin kotu ba, kuma laifin ba ya cikin waɗanda beli yake haƙƙi. Na biyu shi ne nauyin kawo hujja. A shari'ar Musulunci hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musanta, dokar laifuka ta Indiya ma a kan haka ta ginu, wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar. Wannan doka ta juya abin: wanda ake zargi ne zai gamsar da kotu cewa bai yaudari kowa ba. In aka haɗa su biyun, maganar baligar mace a kan aurenta da imaninta ta koma bayan maganar mahaifinta. Tilasta wa mace, sace ta, ko aurenta da sunan ƙarya, duk laifuka ne a kundin ƙasar tun kafin 2020.

Abin da ya faru a Moradabad a watan Disamba na 2020 ya nuna yadda take aiki. Wata mata mai shekara 22 da mijinta Musulmi, waɗanda suka yi aure watanni kafin a kafa dokar, sun je yin rajistar aurensu. 'Yan Bajrang Dal suka tare su, suka kewaye matar da tambayoyi ana ɗaukar bidiyo, suka miƙa su ga 'yan sanda. Mahaifiyarta ta shigar da ƙara. Aka kulle mijin da ɗan'uwansa, ita kuma aka kai ta gidan ajiye mata na gwamnati tana da juna biyu. A gaban majistare ta ce da son ranta ta yi aure. Bayan kimanin mako biyu aka saki mazan saboda babu hujja, ita kuma ta ce cikin ya zube tana tsare.

Kotuna ba su yi shiru ba. Sashe na 25 na tsarin mulkin Indiya ya ba kowa 'yancin riƙo da addini, aiki da shi da yaɗa shi, sai dai a 1977 Kotun Ƙoli ta amince da tsofaffin dokokin hana sauya addini na Odisha da Madhya Pradesh, ta ce 'yancin yaɗawa ba 'yancin sauya wa wani addini ba ne. Jihohi da wannan hukuncin suke kafa hujja. Masu adawa kuma suna riƙe da shari'ar Hadiya, ɗalibar Kerala da ta musulunta ta auri Musulmi, babbar kotun jihar ta rushe auren a 2017 ta mayar da ita hannun iyayenta, Kotun Ƙoli ta maido da auren a watan Maris na 2018 ta ce zaɓen miji da addini na baligi ne shi kaɗai. A Janairun 2021 babbar kotun Allahabad, wato babbar kotun jihar Uttar Pradesh, ta ce ba dole ba ne a liƙa sanarwar kwana 30 in ma'auratan ba su so. A watan Agusta na 2021 babbar kotun Gujarat ta dakatar da wasu sassan irin wannan doka a jiharta.

Gaskiya guda da bai kamata mu kauce mata ba: ƙin irin wannan aure ba na Hindu kaɗai ba ne. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya samu kashi 67 na Hindu suna ganin yana da matuƙar muhimmanci a hana matansu aure a wani addini, Musulmi kuwa kashi 80 ne suka faɗi haka game da nasu matan. Iyaye na da ikon ƙi, su yi fushi, su yi nasiha. Amma ɓangare ɗaya ne yake da gwamnati da kurkuku a bayan fushinsa, kuma mafi yawan waɗanda ake kamawa samarin Musulmi ne da fastocin Kirista.

A watan Yuli na 2024 majalisar Uttar Pradesh ta ƙara wa dokar tsanani. Hukuncin da a da yake shekara 1 zuwa 5 ya koma 3 zuwa 10. Inda aka ce an yi amfani da barazana ko alkawarin aure, ɗaurin yana farawa daga shekara 20 har zuwa rai da rai. Beli ya ƙara wuya, sai kotu ta ji ta bakin lauyan gwamnati ta kuma gamsu cewa da alama mutumin ba shi da laifi. Ƙara kuwa yanzu ba sai dangi ba, kowane mutum yana iya kai ta, ko maƙwabci, ko ɗan ƙungiyar da bai taɓa ganin ma'auratan ba. Uttarakhand, Himachal Pradesh, Madhya Pradesh da Haryana duk suna da ire-irenta, ƙorafe-ƙorafen da aka shigar a kan waɗannan dokoki kuma sun isa gaban Kotun Ƙoli tun farkon 2021, lokacin da ta karɓi ƙarar amma ta ƙi dakatar da aiki da su.