Waiwaye: tun yaushe aka fara cewa rap ba waƙa ba ce?

Duk majalisar da ka zauna a garin nan na Bauchi, daga Wunti har Yelwa, in dai aka ɗauko zancen mawaƙa sai ka ji wani yace shi fa bai ɗauki rap a matsayin waƙa ba, surutu ne kawai aka ɗora kan kiɗa, wai ko shi in aka miƙa masa mayik zai yi. Sai wani ya taso masa, a yi ta ja har a watse ba'a gama ba. Hujjar masu kushewa kullum biyu ce, ɗan rap baya rera murya, kuma baya kaɗa komai da hannunsa. Toh ni abinda nake so mu duba shine wannan ma'aunin, daga ina ya fito, kuma wai da shi ne iyayenmu suka auna nasu gwanayen?

Gardamar dai ba mu muka fara ta ba. Ita rap a unguwar Bronx ta birnin New York aka haife ta, a 1973, a wajen wani casu da DJ Kool Herc ya haɗa, shi kuma haifaffen Jamaika ne. Yaran unguwar talakawa ne, babu kuɗin sayen jita ko fiyano, abinda ke hannunsu faifan garmaho ne, sai Herc ya riƙa sa faifai biyu iri ɗaya yana maimaita daidai gurin da ganga ta fi daɗi, wani kuma ya ɗauki mayik yana zuba magana a kai don 'yan rawa su motsa. A 1979 ƙungiyar Sugarhill Gang ta fitar da faifan da ya kai abin gidajen rediyo, daga nan manyan makaɗan Amurka da suka yi shekaru suna koyon kayan kiɗa suka fara cewa wannan ai ba kiɗa bane, yayi ne zai wuce. Sai a 1989 aka fara ba rap kyautar Grammy, wato babbar kyautar kiɗa ta Amurka, kuma ko a lokacin ba'a nuna ɓangaren a talabijin ba, har waɗanda suka ci, DJ Jazzy Jeff da Will Smith, suka ƙi zuwa taron. Bayan shekara 29, a 2018, ɗan rap Kendrick Lamar ya karɓi kyautar Pulitzer ta kiɗa, wadda kafin shi masu kiɗan gargajiyar Turai da na jaz kaɗai ke samu. Kaga su can sun daɗe suna wannan rigimar, kuma ma'aunin nasu ya fito ne daga makarantun kiɗa inda ake karanta sauti a takarda.

Mu kuma fa? Mu ɗauki Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, kuma inaga babu Bahaushen da zai ce ba mawaƙi bane. Shata tsayawa yake yana waƙa, kalangu na hannun makaɗansa, amshi na bakin 'yan amshi. Abinda ya sa ake jinjina masa har gobe shine yadda magana ke zuwa masa nan take, ya ga mutum ya tsara masa waƙa a tsaye, ya yi zambo, ya yi habaici, ya juya kalma yadda yaga dama kuma duk tsawon maganar ba zai saɓa wa bugun kalangu ba. A gefe guda ga Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015, shi kaɗai da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, shi ke kaɗawa shi ke rerawa. Ba'a taɓa cewa Ɗan Maraya ya fi Shata don yana kaɗa abinsa da kansa ba, kowa da fagensa. Bahaushe ya raba makaɗi da mawaƙi tun fil azal, kuma abinda ya fi nema a bakin mawaƙi shine azanci.

Mu mutanen Bauchi ma mun fi kowa cancantar gane wannan, don Malam Sa'adu Zungur ɗan garin nan ne. Ya rasu a 1958, amma har yau ana karantar da waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya a jami'o'i. Babu ganga a cikinta babu goge, kuma ba don zaƙin muryar wani ake girmama ta ba. Ana auna ta da karinta, da amsa-amo, da nauyin abinda ya faɗa wa sarakuna da talakawa. Haka Aƙilu Aliyu, haka Aliyu Namangi mai Imfiraji. Wato tun kafin a haifi rap a Bronx muna da fagen waƙa sukutum da ake hukunta shi da kalma da awo kawai. Don haka in mutum yace duk abinda ba'a rera da murya mai zaƙi ba ba fasaha bane, gaskiya ya zubar da rabin adabinmu bai sani ba.

Sai dai akwai wani gado da ya bi rap ya ɓata mata suna a gurinmu, wato 'yan gambara. Su ne ke bin kasuwanni da gangarsu, suna jero magana da sauri ɗaya na cafewa daga bakin ɗaya, ga ban dariya ga batsa, mutane su taru su yi dariya su ba su kuɗi amma ba wanda zai so ɗansa ya shiga. Da rap ta iso sai aka ji kamannin, har kafafen labarai na kiranta gambarar zamani, ga kuma yaran farko da suka ɗauke ta da wando a ƙasan ƙugu da sarƙa a wuya suna kwaikwayon ɗan rap ɗin Amurka Tupac. Inaga rabin ƙyamar da dattawa ke yi daga nan take, ba wai sun zauna sun saurari baitin sun ga babu gwaninta bane, shigar da tarbiyyar ce ta kore su tun daga bakin ƙofa.

Abinda ya sauya komai kuma shine zuwan fiyano. Daga ƙarshen shekarun 1990 situdiyoyin Kano suka koma haɗa waƙoƙin fim da fiyanon Yamaha, mutum ɗaya a zaune shi ne ganga shi ne sarewa shi ne komai, salon kuma ya karkata zuwa na Indiya, shine ake ce wa nanaye. Daga baya kwamfuta ta shigo, da Auto-Tune wanda aka ƙirƙiro a 1997 mai gyara muryar da ta kauce. Toh daga wannan lokacin mawaƙin soyayya ma baya kaɗa komai, furodusa ɗaya ne ke haɗa masa kiɗa ya haɗa wa ɗan rap, a kwamfuta ɗaya. Ban ce masu rerawa basu da baiwa ba, wallahi akwai muryoyin da in ka ji sai tsigar jikinka ta tashi kuma na'ura bata iya ba mutum wannan, amma hujjar kayan kiɗa dai ta faɗi tun a nan, ba'a isa a riƙe ta a kan ɓangare ɗaya ba.

Rap ɗin Hausa ta fara jin ƙarfi ne a shekarun 2000 da irin su Billy-O da Ziriums a Kano, Jos kuma da ke maƙwabtaka da mu ta fitar da M.I da Ice Prince masu yi da Turanci. Da Arewa24 ta buɗe a 2014, shirye-shiryen Nomiis Gee suka kai ta har cikin falon gidaje, iyaye suka fara ganin fuskokin. Jiharmu ma ba'a bar ta a baya ba, ClassiQ da B.O.C Madaki duk 'yan Bauchi ne, DJ AB kuma daga Kaduna.

Shi wanda ke cewa ko shi zai iya, ina so ya shiga ɗaya daga cikin ƙananan situdiyon nan na wajen Gwallameji ya gani da idonsa. Shago ne an manna soso a bango, janareta na ƙara a waje, yaro na tsaye da waya a hannu yana karanta baitinsa mai layi 16, kiɗa na tafiya bugu huɗu-huɗu baya jiran kowa. Na ga wani yana ta maimaita layi ɗaya, duk sanda ya kusa kai amsa-amon sai numfashi ya ƙare masa kalmar ƙarshe ta faɗa bayan bugu, furodusa ya tsayar yace masa ɗan'uwa cire kalma ɗaya, ya cire sai ma'anar ta tafi, ya dawo ya sake gina layin daga farko. Kuma Hausa ta fi Turanci wuyar sha'ani a nan, don muna da gaɓa mai nauyi da mara nauyi ga kuma karin sauti, in ka matse dogon wasali don ya shiga kiɗa sai kalmar ta koma wata ko ta zama Hausar baƙo. Wanda ya iya tafiya da sauri kowace kalma na fita da ainihin sautinta, ya jera amsa-amo a tsakiyar layi ba ƙarshe kawai ba, wannan aikin awo yake yi irin wanda marubuta waƙa ke yi, sai dai shi agogo na binsa.

Gaskiyar masu kushewa ɗaya ce, kuma babba ce: shiga rap bata da shinge. Mai goge in bai iya ba kunne zai kore shi a minti ɗaya, amma mai waya da data zai iya sauke kiɗa ya yi ihu a kai ya kira kansa mawaƙi, shi yasa tarkacen suka yi yawa, rabi Turanci rabi Hausa babu wanda ya nuna, daga kuɗi sai 'yan mata sai maƙiya. Wannan ya cancanci suka, ni ma ina yi, amma nanaye ma cike take da irin nata tarkacen.

Wanda aka manta da shi a duk gardamar nan shine makaɗin da ake kafa hujja da sunansa. Mai kalangu na matse tsirkiyoyin a hammata yana sassautawa, sautin na hawa yana sauka har ganga ta kira sunan mutum ya waiwayo, wannan shekaru ake yi ana koyonsa a gindin uba ko maigida. Yau gidan biki DJ ake kira, algaita da kakaki sai a fada ranar hawan sallah, 'ya'yan makaɗa da yawa sun koma acaɓa da kasuwa. Masu rerawa da 'yan rap duka sautin kalangun da aka naɗa a kwamfuta suke amfani da shi, kuma da wuya ka ji wanda ya ɗauko mai kalangu ya kawo shi situdiyo ya biya shi, alhali kuɗin yininsa bai kama ƙafar abinda suke kashewa a bidiyo ɗaya ba.