Waiwaye: Lokacin da Tsofaffin Gine-ginen Birtaniya Suka Shiga Gasar Neman Ceto a Talabijin

A watan Satumban 2003, daga harabar Hasumiyar Landan, tashar BBC Two ta sanar da sakamakon wani zaɓe da ba a saba gani ba. 'Yan takarar gine-gine ne, guda 30 a farko, duk sun tsufa, wasu rufinsu ya rufta, wasu tantabaru sun mayar da su gida. Sunan shirin Restoration, ɗan wasan barkwanci Griff Rhys Jones ne ya gabatar da shi, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: masu kallo su buga waya su zaɓi ginin da za a ceta. Gidan wankan jama'a na Victoria Baths da ke Manchester ne ya yi nasara, da ƙuri'u sama da 280,000, ya samu kimanin fam miliyan 3.4.

Kafin a kai ga wannan dare, an yi doguwar tafiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manyan gidajen ƙasaita na karkarar Birtaniya sun zama kaya a kan masu su. Harajin gado ya yi nauyi, barori sun watse sun kama aikin masana'antu, sojojin da aka saukar a gidajen lokacin yaƙi sun bar su a ragargaje. Sai aka shiga rushewa. Dokar tsara birane ta 1947 ta tanadi rajistar gine-ginen tarihi, amma ba ta hana gatari sauka ba. A farkon shekarun 1960 aka rushe babbar ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Euston a Landan duk da kukan da jama'a suka yi, abin da har yau masu kishin tarihi a can ba su huce ba. A 1974 gidan tarihi na Victoria da Albert ya yi baje kolin hotunan ɗaruruwan gidajen da aka rasa, shekara ɗaya bayan nan aka kafa ƙungiyar SAVE Britain's Heritage.

Abu biyu ne suka share wa shirin hanya. Na farko kuɗi: a 1994 aka kafa asusun Heritage Lottery Fund, mai karɓar kaso daga cacar ƙasa yana zubawa a ayyukan adana tarihi, kuma daga nan ne mafi yawan kuɗin kyautar ya fito. Na biyu lissafi: a 1998 hukumar English Heritage ta fara fitar da jerin muhimman gine-ginen Ingila da ke cikin haɗari. Cutar ta samu suna ke nan, saura mai kai labarinta cikin ɗakunan mutane. A daidai lokacin nan kuma shirye-shiryen zaɓen mawaƙa da makamantansu ta wayar tarho suna tashe, kamfanin Endemol da ya shahara da irinsu shi ne ma ya shirya Restoration.

Dole a yaba wa shirin a kan abu guda. Ya fitar da maganar daga hannun masana, ya miƙa ta ga mai sayar da burodi da direban bas. Ƙwararru biyu, Ptolemy Dean da Marianne Suhr, sukan shiga kangon da fitila, su nuna inda ruwa ke shiga, su bayyana yadda katakon rufi ke ruɓewa. Kuma zaɓin jama'a ya faɗi wani abu. Ba su zaɓi gidan mai sarauta ba. Sun zaɓi wurin da kakanninsu suka yi wanka suka koyi iyo, ginin da aka buɗe a 1906 da ƙofofi uku, ta maza masu hali, ta maza marasa hali, da ta mata, aka kuma rufe shi a 1993 mutanen unguwa suna zanga-zanga. A 2004, da aka sake yin gasar, tsohuwar makaranta da tsohon masauƙin Saracen's Head a Kings Norton da ke Birmingham suka yi nasara. A 2006, da aka karkata shirin ga ƙauyuka, maƙera ce haɗe da wurin sassaƙa ƙafafun keken doki, Chedham's Yard a Wellesbourne, ta cinye.

To amma a nan gizo ke saƙar. Ƙuri'a dare ɗaya ake kaɗa ta, gyaran tsohon gini kuwa aikin shekaru ne. Sai a 2007 aka fara aiki sosai a Victoria Baths, kuma kuɗin ya ƙare ne a kan rufi da bangon gaba da tagogin gilashi masu launi, domin ɓarnar da ke ɓoye ta fi wadda ido ya gani. Waɗanda suka buga waya suna zaton za su koma iyo nan kusa sun daɗe suna jira. Sai a 2017 jama'a suka sake samun damar yin iyo a babban kwamin na ɗan lokaci, karon farko tun rufe shi. Yau wurin yana raye, ana bukukuwa da baje koli a cikinsa, amma da gumin 'yan sa kai ne waɗanda suka fara fafutukar tun kafin kyamara ta zo, suka ci gaba bayan ta tafi. Chedham's Yard ma sai 2012 aka buɗe shi ga maziyarta.

Abin da ya fi damuna shi ne sauran gine-gine 29 ɗin na gasar 2003. Ginin da ke cikin babban birni yana da dubban maƙwabta masu buga waya. Wanda ke tsibiri, kamar Kinloch Castle a tsibirin Rum na Sikotlan, su wa zai kira? Yawan ƙuri'a ba ya nuna wanda ya fi daraja, balle wanda ya fi kusa da faɗuwa. Gaskiya ne wasu da suka faɗi zaɓe sun ci ribar fitowa a talabijin. Lissan House a Ireland ta Arewa, da ya zo na biyu a 2003, ya samu gyara daga baya ya buɗe ƙofofinsa. Bank Hall a Lancashire shi ma ya miƙe bayan shekaru masu yawa. Wasu kuwa shiru kake ji.

Dabarar ba ta mutu da shirin ba. A Italiya jama'a na zaɓen wuraren da suke ƙauna a ƙarƙashin gidauniyar adana kayan tarihi ta FAI tun 2003, a Faransa kuma an ƙaddamar da cacar adana kayan tarihi a 2018 ƙarƙashin jagorancin mai gabatar da shirye-shiryen talabijin Stéphane Bern.

Shekarar 2024 ta dawo da sunayen biyu daga cikin 'yan takarar farko cikin labarai. Mavisbank House kusa da Edinburgh, wanda mai zanen gine-gine William Adam ya gina a shekarun 1720, gobara ta cinye cikinsa a 1973, ya samu fam miliyan 5.3 daga asusun National Heritage Memorial Fund domin ƙungiyar Landmark Trust ta ceto shi, shekara 21 bayan ya faɗi zaɓe. Poltimore House a Devon kuwa, wanda 'yan sa kai suka shafe shekaru suna lallaɓawa, gobara ta tashi a cikinsa da dare a watan Afrilu, gari ya waye da bangaye tsaye babu rufi.