Abin da maganaɗisu ke yi wa wutar lantarki a cikin ƙarfe

Ƙanena yana koyon kanikanci a Suame Magazine, nan Kumasi. Ya canja wa wata mota boris ɗin taya, fitilar ABS, wato tsarin da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, ta kama ta ƙi mutuwa, sai ya taho mini da tambayoyi.

Yaya, me ya haɗa boris da maganaɗisu?

A motocin yanzu da yawa, fuska ɗaya ta boris tana da baƙin zobe mai maganaɗisu. Kanga masa allura, za ka ji ta manne. Wata 'yar na'ura ce ke fuskantar zoben tana ƙirga juyin taya. Ka sa shi a baibai, ta makance.

Da me take gane shi, alhali ba ta taɓa shi?

Wasu irinta da turjiya suke aiki, wato yadda ƙarfe ke tauye wutar da ke ratsa shi. A 1856 William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya gwada baƙin ƙarfe da nikel. Ya ga turjiya tana ƙaruwa in wuta ta bi layin maganaɗisun, tana raguwa in ta gitta shi. Bambancin kashi kaɗan ne cikin 100, amma ya isa a auna.

Me ke kawo turjiyar tun farko?

Ka tuna ratsa kasuwar Kejetia da rana tsaka, kafaɗa na bugun kafaɗa. Haka ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, ke karo a cikin ƙarfe. Sai dai kowanne ɗan maganaɗisu ne shi kansa, yana kallon sama ko ƙasa. A baƙin ƙarfe, nikel da kobalt, kashi ɗaya daga cikin biyun nan na wucewa salin-alin, ɗayan na shan karo. Nan ne abin ya fi burge ni, domin wuta biyu ce ke tafiya a waya guda.

An ci moriyar wannan?

Ƙwarai. A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa da nasa gwajin, suka jera siraran shimfiɗu na baƙin ƙarfe da kuromiyam. In shimfiɗun baƙin ƙarfen sun saɓa alƙiblar maganaɗisunsu, kowane ilektiron sai ya sha karo. In maganaɗisu ya daidaita su, hanya ta buɗe wa kashi ɗaya. A wurin Fert, cikin matsanancin sanyi, turjiya ta faɗi da kusan rabi. Kamfanin IBM ya sa dabarar a faifan ajiyar kwamfuta a 1997, su biyun kuma suka karɓi kyautar Nobel a 2007.

To motar fa?

Wataƙila a baibai ka sa boris ɗin. Ciro shi, ka sa sabo, baƙin zoben na kallon na'urar. Kuma kada ka buga shi da guduma.