Fok mai shok da sandararren fok a keke mai ƙatuwar taya

Fok shi ne sashe mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba, ya haɗa ta da kan keke. A keke mai ƙatuwar taya, wanda faɗin tayarsa kan kai inci 3.8 zuwa 5, fok iri biyu ne: sandararre, wanda ba ya lotsawa ko kaɗan, da mai shok, wanda ke nutsewa ya taso idan taya ta ci karo da dutse ko rami.

An ƙirƙiro wannan keke ne saboda dusar ƙanƙarar Alaska da rairayin kudu maso yammacin Amurka. Pugsley na kamfanin Surly, wanda ya yaɗa shi a kasuwa a 2005, da sandararren fok na ƙarfe ya fito, kuma haka aka yi ta tafiya kusan shekara goma. Sai a 2014 kamfanin RockShox ya fitar da fok mai shok mai suna Bluto, mai nutsewar milimita 80 zuwa 120. Kamfanin Manitou ya biyo baya da nasa fok ɗin, Mastodon, a 2017, mai ƙafafu masu kaurin milimita 34, inda na Bluto ke da 32.

Ana muhawara kan wanne ya fi dacewa tsakanin fok ɗin biyu, kuma tushen muhawarar yana cikin tayar kanta. A kan dusar ƙanƙara ba a cika ba ta iskar da ta wuce psi 5 zuwa 8 ba (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne), don haka takan shanye tsakuwa da ƙananan gargada. Wannan ne ya sa wasu ke cewa tayar ta wadatar. Maganar tana da gaskiya, amma iyakarta tafiyar sannu. Taya sifirin ce kawai: duk ƙarfin da ta haɗiye, nan take take mayar da shi, kamar ƙwallo. A gangara mai duwatsu da saiwoyi, idan gudu ya ƙaru, gaban keken sai ya riƙa tsalle, tayar tana rabuwa da ƙasa, birki da juya kai su rage kamawa. Shi kuwa shok, akwai mai a cikinsa da ake tilasta wa bi ta ƙananan kafofi, kuma wannan man ne ke rage saurin tasowarsa har tayar ta zauna a ƙasa. Babu adadin iskar da za a sa wa taya ta yi wannan aikin.

Sai dai shok yana da tsadar riƙo. Bluto ya kai kusan kilo 1.8, Mastodon ya haura kilo 2, alhali sandararren fok na zaren kabon bai cika kilo ɗaya ba. Yana kuma son a buɗe shi a sauya mai, wanda RockShox ke ba da shawarar yi bayan kowace awa 50 ta hawa. A tsananin sanyi mai yakan yi kauri, robobin da ke tare shi su taurare, har fok ɗin ya daina aiki da kyau, a daidai yanayin da aka yi keken dominsa. Shi ya sa masu doguwar tafiya a kan ƙanƙara suka fi riƙe sandararre, wanda galibi ke da ramukan ɗaura gorar ruwa da kaya a ƙafafunsa.

Akwai na tsaka-tsaki: Carbonara na kamfanin Lauf da ke Aisland, mai faifan sifirin na zaren gilas da nutsewar milimita 60. Ba shi da mai, sanyi ba ya damunsa, amma ba shi da abin da ke rage tsalle.

Mai son sauya fok ya fara duba cibiyar wilinsa na gaba, wato tsakiyar wilin da ke shiga tsakanin ƙafafun fok. Fok mai shok na buƙatar cibiya mai faɗin milimita 150, tsofaffin kekuna da yawa kuwa 135 suke da ita. Tsawon fok ma abin lura ne, domin wanda ya fi na asali tsawo yana ɗaga gaban keke, ya sauya yadda yake shan kwana.